Turmin Innata da Na Raka

Aina'u maƙwabciyata, mai sayar da atamfa ta waya, ita ta fara gaya mini wai yanzu ana ba da kaya kyauta a cikin waya. Ki ɗauki hoton abin da ba kya so, a saka a guruf na waya, mabuƙaci ya gani ya zo ya ɗauka, ki samu lada ki samu fili. Haka ta ce. Da na san abin da ke ciki, da na ce ta riƙe shawararta.

Abin da ya kawo maganar, ɗana Zubair ne ya gina mini ɗakin bulo, ya ce tsohon ɗakina na ƙasa rushe shi za a yi kafin ya faɗo mini a ka. Damina ta tsaga bangon, har hannu yana shiga. Suka yi magana da Basiru magini, aka tsayar da ranar Asabar. Kwanuka da tasoshi na raba wa dangi. Abin da ya rage, in ji Zubair, na ƙarfe a ba 'yan gwangwan, na itace a faskara.

Na itacen nan, turmin innata yake nufi. Turmin kirya ne, babba, maza biyu ke ɗaga shi suna nishi. A cikinsa aka daka furar bikina. Sabon ɗakin ba wurin ajiye shi, matar Zubair kuwa inji take kai surfenta. Na zaga matan unguwa, kowacce da nata. Ni kuma na ce ba zan zauna ina kallo a sa masa gatari ba. Shi ya sa na yarda Aina'u ta ɗauki hotonsa da taɓaryarsa, ta saka lambata a ƙasa, ta koya mini inda zan danna in ji saƙon murya in mayar.

To, jama'a, ban taɓa sanin kyauta ta fi ciniki wahala ba sai a kan turmin nan.

Wayar ba ta huta ba. Kowa tambaya ɗaya: yana nan? In gyara murya in ce yana nan, Allah ya kawo ku lafiya. Shi ke nan, shiru, kamar an jefa dutse a rijiya. Wata daga Minjibir ta ce in sa shi a mota in aiko mata, kuma in biya direban. Wata ta tambaya ko akwai ƙarami, don wannan ya yi mata girma, sai ka ce kanti na buɗe. Wani ya ce in kifa shi in ɗauko masa hoton gindin. Na kira yara muka yi ta fama har muka kifa, aka tura, bai ƙara magana ba.

Akwai wanda ya rantse ga shi nan ya baro Bici. Na dama fura, na shimfiɗa tabarma a zaure, na fasa zuwa sunan jikar yayata. Har la'asar ina leƙen hanya. Washegari ya ce babur ne ya yi faci. Da na sake nemansa, waya a kashe.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa, wani saurayi mai tabarau. Ya shanye furar da na dama masa tas, ya riƙe taɓarya aka ɗauke shi hoto, ya ce turmin ya yi nauyi. Yana fita ya ga akuyata a ɗaure, ya tambaya ko ita ma tana cikin kyautar. Ban ba shi amsa ba, don amsar da ta zo mini baki ba ta dace da mai furfura ba. Ga wani kuma a guruf ɗin yana yi mini wa'azi, wai mai kyauta don Allah ba ya tallata ta.

Haka har ranar Juma'a, gobe ke nan za a rushe ɗaki. Na riga na ga Zubair ya aro gatari ya jingine a bayan rumbu.

Da yamma liƙis wayar ta yi ƙara. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, iska tana kaɗawa a bayanta. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Turmin. Ina tafe."

Na yi tsaki. Ko fura ban dama ba.

Rana ta faɗi. An kora kaji akurki, an shigar da yara ɗaki kamar yadda ake yi idan magariba ta kawo jiki. Zubair bai dawo daga kasuwa ba, matarsa tana madafa tana fama da ɗanyen itace. Na ɗauki buta zan yi alwala, na ɗago kai, sai ga mace a tsaye a ƙofar tsohon ɗakin. Doguwa, ta lulluɓa da baƙin mayafi har fuska. Ban ji shigowarta ba, alhali ƙyauren zaurenmu ko kyanwa ta taɓa sai ya yi kuka.

"Luba," ta ce.

Tun rasuwar innata ba wanda ya ƙara kiran sunana gatsal. Kowa Inna yake cewa, a wayar ma Inna aka rubuta. Ya kamata in tsaya in yi tunani. Amma murnar yau dai wani ya cika alkawari ta rufe mini ido.

Na yi mata maraba, na kawo ruwa, ba ta karɓa ba. Na tambayi inda ta bar mai babur ɗinta, na ce bari in kira samari su ɗaga mata. Kafin in rufe baki ta sunkuya, ta ɗauki turmin ta ɗora a ka. Ba gammo, ba nishi. Na ce a raina, matan da suka tashi da aikin gona akwai ƙarfi. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku sani ba. Mu a nan ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Za ka karɓi wani abu daga kayansa ka taka masa, kuna tafe kuna hira, har sai shi da bakinsa ya ce, haka ya isa, a koma, na gode. Mai gida ba ya fara juyawa. In ka juya ba a sallame ka ba, kamar ka kori mutum ne. Haka na ga innata tana yi, haka na yi tsawon rayuwata.

Na ajiye butar, na ɗauki taɓarya, na bi ta.

Muka shiga hanyar bayan gari. Dawa ta yi kai, ta fi mu tsawo dama da hagu. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hayaƙin tuwon gidaje. A bayanmu ladan ya fara kiran salla.

A bakin rijiya baƙi suke sallamata. Muka wuce rijiya, ba ta sallame ni ba.

Muka wuce gonar Malam Abdulmumini, ta ƙarshe a gonakin garinmu. Na yi gyaran murya. Na ce magariba fa ta yi. Na ce ƙafar tawa sai a hankali, tsufa. Duk mai hankali ya san abin da nake nufi. Ita dai tana gaba, turmi a ka ko girgiza ba ya yi.

Na tambaye ta wane gari.

"Nan kusa."

Ƙasarmu ba daji ba ce. Ba ka tafiya mai nisa ba ka ga danga ba, ko ka ji haushin kare, ko kukan jariri, ko wata tana ƙwala wa ɗanta kira. Gida yana kallon gida. Amma muka yi ta tafiya, ba danga, ba hayaƙi. Dawa kawai.

Kiran sallar ya yanke a tsakiya. Ba ƙarewa ya yi ba. Yankewa ya yi.

Kukan gyare ya ɗauke.

Sai na lura ƙarar silifas ɗina kaɗai nake ji. Fat, fat. Tata tafiyar ba sauti.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya taso, da wani ƙauri kamar ana babbakar gashi.

Na so in juya. Wallahi na so. Amma kunya ta riƙe ni, wai kar baiwar Allah ta ce na kore ta. Dubi wauta.

Taɓaryar ta fara ɗumi a hannuna.

Dawar ta buɗe, muka fito wani fili. Tsamiya ce a tsakiya, ƙatuwa. A ƙasar nan aka haife ni, na san kowace bishiya, wannan ban santa ba. A gindinta tsibin gero ne, tuli-tuli, wani ya fi ni tsawo. Ga mutane zazzaune kewaye. Ba na ganin fuska. Numfashinsu kawai nake ji, a tare, kamar na mutum ɗaya.

Ta sauke turmin. Ƙasa ba ta amsa ba.

Ta zuba gero a ciki, ta matsa gefe.

"Turmi mun samu," ta ce a hankali. "Mai daka muke jira."

Hannuwana suka ɗaga taɓaryar da kansu.

Dum.

Na ce su tsaya. Suka sake ɗagawa.

Dum. Dum.

Yatsuna sun manne da icen. Bayana yana ƙara, kafaɗuna kamar za su cire. Na nemi Ayatul Kursiyyu, wadda nake karantawa tun ina yarinya, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ko harafi ɗaya ya ƙi fita.

Gero ya yi laushi, ta kwashe, ta sake cika turmin.

Na dubi tsibin nan. Na san ko shekara zan yi ba zan gama ba. Na tuna jikokina suna can suna jiran in zo in raba musu tuwo. Hawaye ya haɗu da gumi.

Sai wani daga cikin na zaunen ya yi raɗa.

"Akwai wani tsibin a bayan bishiya."

Wata muryar, siririya, ta amsa masa.

"Ba ta da sauri."

Ba ta da sauri.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Tsoron nan da ya cika mini ciki, wani abu ya taso daga ƙarƙashinsa ya ture shi. Furar da na yi ta damawa ce, da sunan da na fasa, da mai tambayar akuya, da duk tsakin da na haɗiye. Harshen da ya ƙi motsi don tsoro, haushi ya ɗaga shi.

"Har da ku?" na ce. "Kyauta fa na ba ku. Turmin uwata. Na rako ku har nan da tsufana, ko sannu babu, shi ne za a ce ba ni da sauri? To na gaji. Kowa a ba shi sai ya nemi ƙari. A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Bismillahi."

Da sunan Allah ya fita, yatsuna suka buɗe. Taɓarya ta faɗi.

Numfashin nan ya tsaya cak.

Na juya, ba tare da an sallame ni ba. Ban taɓa yi wa baƙo haka ba sai ranar.

Na faɗa cikin dawa. Ganye yana yankar fuskata. Silifas ɗaya ya cire, ban tsaya ba. Ayar ta dawo bakina, ina karantawa ina haki.

A bayana aka ci gaba da daka. Dum, dum, dum. Ba ya nisa. Biyo ni yake.

Sai muryarta, daf da kunnena, har ina jin ƙaurin nan.

"Luba. Ba mu ce ki koma ba."

Ban waiwaya ba. Na ɗaga murya da karatu. Ƙafata ta harɗe da kunyar gona, na kifa.

Haske ya dalle mini ido. Zubair ne da tocila, da maza uku a bayansa. A gonar bayan gidanmu suka same ni, ina iya hango dangarmu. Na ce a ba ni ruwa in yi alwala kar magariba ta wuce. Zubair ya dube ni, ya ce an daɗe da idar da isha'i, tun ɗazu suke zaga gonar nan suna kirana.

Tafukan hannuna duk sun yi bororo sun fashe, kamar na wadda ta wuni tana surfe. Malam Abdulmumini ya zo ya yi mini addu'a, ya tofa a ruwa na sha. Tsamiyar kuwa, har yau ba wanda ya san inda take. Tun daga ranar rakiyata a bakin zaure take tsayawa, ko waye. Wasu suna cewa tsufa ya rage mini kara.

Da gari ya waye na fito, sai ga turmin a ƙofar zaure, a tsaye, raɓa ta jiƙa shi. Ba taɓarya. Cikinsa fari fat da garin gero.

Na daɗe ina kallonsa. Wato su ma ba su riƙe ba.

Na aika wa Aina'u ta goge hoton da lambata, don ba zan miƙa wa 'yar wani abin da ya kwana a can ba. Da Basiru magini ya iso da yaransa, na hana kowa taɓa shi da hannu. Da azara suka gangara da shi har tsakiyar tsohon ɗakin. Basiru ya sosa ƙeya, ya ce kirya ce fa, Inna, ko faskarawa a yi, itacen zai kai wata. Na ce ba a tukunyata ba.

Na shiga ni kaɗai, na yi wa innata addu'a, na fito na ja ƙyauren.

"Ku rushe," na ce. "A kansa."