Cokali a Bisa Kofi

Wata Lahadi ce a watan Afrilun 1775, ana ta yayyafi tun safe. Tabitha ta tare ni a bakin rumfar shanya taba, hularta a jiƙe, tana haki.

"Gideon, Baba ya ce ka zo shan shayi da la'asar. Duk abin da na zuba maka, ka sha... don Allah."

Na yi dariya, na tuna mata na rantse a gaban kwamitin gari, shayin Ingila ba zai sake bi ta maƙogwarona ba sai Sarkinsu, mai mulkinmu, ya janye harajinsa. Ta ce taurin kai ne ya raba ni da makaranta, kada in bari ya raba ni da ita.

Mahaifinta, Kanar Ambrose Whitlock, gonakin tabarsa sun mamaye gaɓar kogin Rappahannock. Shekara ashirin yana wakiltarmu a majalisar Virginia, yankinmu a Amurka, kuma yana goyon bayan Sarki. Ɗan ƙaninsa Percival, wanda shi ma ke neman Tabitha, shi ya kitsa masa cewa a gwada ni da kofi ɗaya.

Da la'asar na je. Tabitha ce ta zuba mini da hannunta, daga wata 'yar buta dabam. Ko kallon kofin ban yi ba. Na ɗauki cokali na gicciye a bisansa, yadda muke yi idan ba za mu sha ba.

"To, samari," in ji Kanar a hankali, "ka san ƙofar da ka shigo."

Kafin kaka yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya ɓarke. Ranar da Kanar da iyalinsa za su gudu Ingila na sami Tabitha a bakin jirgi, da zoben Percival a yatsarta.

"Abin da na zuba maka ganyen lambuna ne, ba shayin Ingila ba, masoyi," ta ce. "Sati biyu ina shanya shi a ɓoye har ya yi launin shayi. Da ka ɗaga kofin kawai..."

Har yau idan ana yayyafi nakan tuna tururin kofin nan.

Kanar ya rasa kujerarsa ta majalisa, da gidansa na jan bulo, da eka dubu huɗu. Bayinsa sittin suka kama gabansu. Ni kuwa na rasa yatsu biyu a yaƙi, da Tabitha.