Manhajar da Aƙilu Ya Sace

"Su'ad, ki rufa mini asiri... Hajiyata ce a cikin na'urar!"

Aƙilu ne tsaye a ƙofar ɗakin ɗaukar hoton MRI, gumi ya jiƙe masa riga. Mutumin da har an kusa sa mana rana.

Ko ɗagowa ban yi ba.

Ɗaukar hoton yadda jini ke gudana a zuciya yana cin lokaci, tsofaffi su yi ta galabaita a kwance, manyanmu kuwa sai su ce haka aka saba. Na ƙi yarda! Na yi ta koya wa wata manhaja dubban hotuna, har ta iya cike hoto daga gajeriyar ɗauka.

Da Hajiyarsa ta ce ba zai aure ni ba don ni 'yar ƙabilar Waja ce, bai tsaya a guje mini ba. Sai da ya kwashe manhajar, ya kai wa shugabannin asibiti da sunansa.

Wadda ya kwashe kuwa ban kammala ta ba. Zukatan masu lafiya kaɗai ta sani. In ta ga jini yana komawa da baya, sai ta goge, a zatonta datti ne. Na faɗa musu, suka ce zafin rabuwa ke damuna.

"Hoton ya ce lafiyarta ƙalau, alhali daga unguwar Barunde zuwa nan sai da ta suma!" in ji Aƙilu.

"Ai manhajarka ce, Dakta. Tambaye ta mana."

"Haba masoyiyata..."

"Kul! Kada ka ƙara."

Ya durƙusa.

"Zan duba ta da wadda na kammala," na ce. "Kai kuma ka tara ma'aikata yanzu, ka faɗa musu wa ya yi aikin. Sannan a nemo duk wanda ka sallama da hoton ƙarya."

"Za su kore ni, Su'ad!"

"Na sani."

Ina jin muryarsa a baranda yana faɗa wa ma'aikata gaskiya, sabon hoton ya fito. Ga jinin nan yana tsiyaya da baya. Nan take aka fara shirin yi mata aiki.

Hajiya ta riƙo hannuna, idonta taf da hawaye.

"'Yata, ki yafe mana. A sa ranar..."

Na zare hannuna a hankali.

"Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya."

Na dubi Aƙilu da ya tare ƙofa.

"Malam, ba ni hanya. Ina da marasa lafiya."