Nauyi a Ƙirjin Mai Jego

Ana kiran magariba a birnin Kwetta, Shagufta nas ta dawo daga siton asibiti riƙe da ledar ƙarin ruwa. A ƙofar ɗakin masu ciwo mai tsanani ta iske uwar Zarmina tsugune. Zarmina mai jego ce, zuciyarta ta raunana bayan haihuwa.

"'Yata, kin mayar mata da wuƙar ƙarƙashin matashi?"

"Haba Inna, nan asibiti ne, ba mahauta ba."

"Ba ta yi arba'in ba fa. Ƙarfe mai kaifi kaɗai iskoki suke tsoro."

Shagufta ta wuce tana murmushi. Tana shiga murmushin ya ɗauke. Ɗakin na warin jiƙaƙƙen gashi.

Ta dubi na'ura. Awon jini ya faɗi, bugun zuciya na gudu, jijiyoyin wuyan Zarmina sun kumbura. Shagufta ta san waɗannan alamun sarai: jini na isowa zuciya, amma ba ta samun sararin buɗewa ta karɓa, kuma abin da ba ta karɓa ba, ba za ta tura ba. Wani abu na matse ta.

Ta duba ko ma'aunin ya goce daga saitin zuciya. Daidai yake. Ta taɓa ƙafafun, sanyi ƙalau. Ta danna ƙararrawar likita. Shiru.

Layin bugun na ƙanƙancewa duk lokacin da aka ja numfashi. Ta kasa kunne. Ba numfashin Zarmina ba ne. Wannan ya fi kauri, ya fi jinkiri.

Katifar ta lotsa dama da hagun ƙirjin Zarmina, kamar an dasa gwiwoyi.

Tsoro ya kama ta. Ta laluba aljihu. Almakashin yanka bandeji.

Ta buɗe shi, ta yi bisimilla, ta aza a ƙirjin.

Katifar ta taso. Wani huci ya tsaya a bayan kunnenta.

"Na bar miki ita," aka ce can ƙasa-ƙasa. "Zan jira arba'in ɗinki."

Layin bugun ya dawo daidai. Zarmina ta yi tari, ta nemi jaririnta.

Likita bai ga komai a hoton zuciyar ba, ya ce magani ne ya yi aiki. Shagufta ta so ta yarda, har ta ce wa kanta ai ita shekara da shekaru da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Ranar da aka sallami Zarmina, amai ya tashi Shagufta da safe. Ta yi gwajin ciki a banɗakin ma'aikata.

Tana da ciki.