Kifin da Barakatu Ta Yi Marmari

Da la'asar sakaliya Haladu ya zaro tsohuwar ƙugiyarsa daga ƙasan akwati, ya goge tsatsarta da toka, ya naɗe igiya a kafaɗa.

Shi ɗan masunta ne, haifaffen Mai Wurno a bakin kogin Nilu, can ƙasar Sudan. Aikin hajji ya kawo shi Jidda tare da matarsa Barakatu, da niyyar su sauke farali su koma. Har furfura ta fito musu suna nan cikin ɗakin katako da langa-langa a unguwar Karantina, shi yana feɗe kifin teku a Bangala, kasuwar kifin garin, ita tana suyar waina a ƙofar gida. 'Ya'yan da suka haifa babu wanda ya zauna. Su biyu suka rage wa juna.

A sanyin shekarar nan ciwon ƙirji ya kwantar da Barakatu, abinci ya daina shiga. Ran nan da rana ta kama hannunsa.

"Malam, kifin gida nake marmari. Na kogi. Wannan na tekun gishiri ne kawai a bakina."

"Ina ni ina kifin kogi a Jidda?"

"Na sani," ta ce, tana murmushi. "Faɗa kawai na yi."

To, a makon an yi ruwa irin wanda garin ya daɗe bai gani ba. Ambaliya ta gangaro daga duwatsu, ta taru a wani kwari bayan unguwa, ta zama tafki. Masu jakunan ruwa, masu sayar da ruwa a unguwa, suna ta faɗin wai da yamma wani abu yana motsi a ciki. Haladu ya san ruwan sama ba ya zuwa da kifi a ƙasar da babu kogi. Ya sani sarai. Amma ya dubi yadda awarwaro ke yawo a hannun matarsa, sai ya kasa zama.

Ya kira Mastura, 'yar maƙwabtansu, haifaffiyar Jidda mai goyo, ta zauna da ita.

"Ya ammi, magariba ta kawo kai," in ji Mastura, da yake haka take kiransa, wato baffa da Larabci. "Ka bari sai da safe mana."

"Yanzu zan dawo."

Barakatu tana barci. Bai tashe ta ba, ya kama hanyar tafkin.

Tun daga nesa warin ruwan ya tare shi. Babu gishiri a ciki, babu ƙarnin teku. Warin laka ne da jiƙaƙƙiyar ciyawa da hayaƙin bandar kifi, sak bakin kogin da aka haife shi. Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya lura sawun jakuna duk ya tsaya nesa da gaɓa, babu wanda ya kai bakin ruwa. Babu tsuntsu. Ko sauro babu.

Ya soka hanjin kaza a ƙugiya, ya yi bisimilla, ya wurga.

Ruwan ya haɗiye koton ba tare da ƙara ba.

Rana ta yi ja, ta soma nitsewa ta wajen teku. Can tsakiyar tafkin wani abu ya taso, ya ja iska, ya koma. Sautin kamar ajiyar zuciyar mutum.

Sai igiya ta fara tafiya a hankali cikin yatsunsa.

Hannunsa bai manta ba. Babban kifi ba a fizgarsa da wuri, barinsa ake ya tafi da koto har ya haɗiye. Ya saki igiya, ya ƙara saki. Da ta tsaya, ya naɗe ta a wuyan hannu, ya turje, ya fizga.

Kamar ya fizgi gindin bishiya.

Daga masallatan unguwa kiran sallar magariba ya taso. Ya ji kabbara ta farko. Ta biyu bai ji ba. Duniya ta yi tsit, sai kukan igiya a hannunsa da bugun ƙirjinsa.

Abin bai yi kokawa ba. Da kansa ya taho.

Bayansa ya fara bayyana, dogo kamar kwalekwale, da ɓawo mai tauri jere-jere kamar na kifin gartsa. Sai kan ya fito. Bakin kada ne a jikin kifi, dogo, haƙora sahu biyu a sama, ƙugiyar tana maƙale a gefe. A kogin gida Haladu ya taɓa ganin giwan ruwa da ya fi mutum nauyi, ya ga kifin yauni, ya ga kada. Bai taɓa ganin wannan ba.

Kifin ya tsaya a inda ruwa bai da zurfi. Ya buɗe baki.

"Malam."

Ƙasa-ƙasa, a dishe. Muryar Barakatu.



"Malam, kana ina? Na farka ban gan ka ba."

Sai tari ya biyo baya, busasshen tarin nan da yake kwana yana ji.

"Sanyi nake ji. Matso kusa."

Bai san ya taka ba. Ruwa ya kai masa idon sawu. Ya kai gwiwa. Igiyar tana jan sa a hankali, kamar yadda ake jan makaho.

"Riƙe mini hannu."

Ruwa ya kai ƙugu. Numfashin abin ya bugi fuskarsa, sanyi ƙalau, da warin rami. Ya ɗaga kai ya ga idon. Fari ne fat, ba ya ƙiftawa, ba ya kallonsa ma. Bakin kawai ke ƙara buɗewa.

Ya laluba wuƙar aikinsa a ɗamara. Ya yi a'uziyya. Ya sa wuƙa ya datse igiyar.

Ya faɗi da baya. Haƙoran suka haɗu a inda yake tsaye.

Ya rarrafa cikin laka.

"Malam, kada ka tafi ka bar ni."

"Ke ba ita ba ce," ya ce. "Ban san ki ba. Allah ya tsare ni da ke."



Muryar ta dawo a hankali, cikin kuka: "Ni ce fa."

Ya toshe kunnuwansa ya ruga.

Da ya shigo lungunsu ya hango fitila a ƙofar ɗakinsa da takalman mata barkatai. Mastura ta fito, idanunta jawur. Ta dubi lakar jikinsa da jinin wuyan hannunsa, ba ta tambaya ba.

"Halas, ya ammi, ta cika. Sai haƙuri."

Ya dafa katakon ƙofa.

"Ta yi magana?"

"Ana kiran salla ta farka," in ji Mastura. "Ta dudduba ɗakin. Bakinta yana ta motsi, amma wallahi babu sauti. Har tari ta yi ban ji ƙararsa ba. Na kara kunnena a bakinta, babu komai. Ta miƙa hannu, na kama, ta zame, ba nawa take nema ba." Ta share fuska da mayafi. "Can sai ta tsaya kamar mai sauraro. Na ga fuskarta ta sauya, irin ta wanda aka gaya wa magana mai ciwo. Hawaye ya zubo mata. Ta motsa baki sau ɗaya, ta juya ta fuskanci bango. Shi ke nan."

Haladu ya zame ya zauna a ƙasa. Bai yi kuka ba. Hannunsa kawai yake kallo.

Kafin sadakar bakwai tafkin ya ƙafe. Waɗanda suka je dubawa ba su tarar da komai ba sai tsattsagaggiyar laka, ko ƙaya guda babu. Limamin unguwa ya ce masa makircin shaiɗanu ne, da bai gudu ba da gawa biyu za a ɗauka, kada ya sa wa ransa damuwa. Haladu ya gyaɗa kai, ya yi godiya.

Bai sake komawa Bangala ba, bai kuma sake kai kifi bakinsa ba. Shara ya koma yi a masallaci. Amma har ƙarshen rayuwarsa, in rana ta yi ja, masu jakunan ruwa sukan gan shi tsugune a bakin busasshen kwarin nan, hannunsa a miƙe, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Na san ki, Barakatu. Ga ni nan. Ban tafi ba."

Ba a taɓa amsa masa ba.