Hoton da ya Manne a Gilashi

Ranar da ta fara leƙa ɗakin kwamfuta, injiniyan yana tsugune yana lallaɓa na'urar sikanin hoto guda ɗaya tilo da makarantar ke da ita.

"Injiniya, yarana talatin za su saka tsofaffin hotunan gidajensu a kwamfuta. Wannan tsohuwar za ta iya kuwa?"

"Malamata, daina zaginta, tana ji."

Ta yi dariya. Shi ke nan, bawan Allah ya rasa sukuni. Ba a jima ba suka fara maganar aure.

Na'urar ba za ta ishi kowa ba, sai ya huda kwalin takalmi ya ɗora wayarsa a kai don ɗaukar hotunan. Don ta koya wa yara, ta ɗauko hoton marigayiya mahaifiyarta daga akwatin Baba ba da saninsa ba. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ta danne gefensa da yatsu, yara suka bi layi suna ɗauka, wani a karkace, wani dishi-dishi.

"Goge su, wayarka ta cika," in ji ta. "Saka min shi a na'ura ya fito tas."

Ya saka, wuta ta ɗauke, ya manta shi a ciki kwana uku. Zafi ya manne hoton da gilashi. Yana ɗagawa, fuskar ta ɓare.

Baba bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi duka ciwo.

"Yaron da zai turo iyayensa ne? Kada ya zo. Ya sake raba ni da ita."

Ta tura masa saƙo tana kuka: "Kada ka ƙara kirana. Kullum sai Baba ya buɗe akwatin nan, ya rufe."

Ya amsa: "Laifina ne, Malamata. Ba zan kira ba."

Wata biyu suna wuce juna a barandar makaranta kamar baƙi. Ta rame, shi ma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata safiya injiniyan ya yi sallama a gidansu, ya durƙusa gaban Baba, ya miƙa ambulan. Baba ya buɗe. Ga hoton matarsa tana murmushi.

"Ina ka samo ta?"

"Hotunan da yara suka ɗauka ne, Baba. Ido daga wannan, murmushi daga wancan, na harhaɗa."

Daga bayan labule malamar ta ce, "Ba na ce ka goge su ba?"

"Na kasa. Yatsunki na cikin kowanne."

Baba ya daɗe yana shafa hoton, hawaye na bin gemunsa. "Tashi, ɗana. Ka turo iyayenka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare."

Da suka fita, ya zauna a bakin gado, ya ɗago hoton.

"Kin gani? 'Yarmu ta yi aure."