Jak Ɗin da Aka Zare wa Kawu

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, Dakta ya juya kan motarsa ya koma wurin aiki. Ya bar wani haɗin sinadarai a kan wuta a ɗakin gwaji da niyyar ya leƙa ofis ya dawo, sai hira ta ɗauke shi har ya kama hanyar gida. Matarsa ce ma ta tuna masa, da ta kira tana tambaya ko ya kashe komai.

Mai gadi na alwala a bakin ƙofa. Ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ko uwargida ce ta koro ka?"

"Wuta na manta. Minti biyar na fito."

"To, a yi sallama kafin a shiga. Ɗakin nan naku ba ya son baƙon magariba."

Dakta ya yi tsaki ya wuce.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don ku san abin da ke cikin ran mutumin. Idan za a dafa haɗi mai saurin kama wuta, ba a ɗora shi kai tsaye. Ana maƙale kwalbar a sama da ƙarfe. A ƙarƙashinta sai tukunyar mai a kan murhun lantarki, murhun kuma a kan jak. Jak ɗin ɗan ƙarami ne, kamar na mota, faranti biyu da ƙarafa a giciye, da wani dunƙule da ake murzawa. Ka murza dama, tukunya ta hau ta rungume kwalba. Ka murza hagu, ta sauka ta bar ta ta huce. Cire wayar lantarki ba ya ceto, domin mai ba ya hucewa da wuri. Ceton mutum a ɗakin nan yana ga wannan murzawar hagu. Shi ya sa ba a kunna wuta sai an ɗaga jak, an bar masa wurin sauka.

Wanda ya koya wa kowa wannan shi ne Kawu, tsohon ma'aikacin ɗakin. Shekara talatin yana wurin. Har Dakta ɗin, a hannunsa ya koyi riƙe kwalba. Mutum ne mai sanyi, yana shiga ɗaki ba kowa sai ya yi sallama, kuma ba ya juye ruwan zafi a magudana sai ya ce, "Masu wuri, a gafarce mu." Ɗalibai na yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Wata shida kafin wannan yammaci, Dakta zai nuna wa wasu manyan baƙi aiki, jak ɗinsa ya cije. Kawu ya gama haɗa nasa kayan ya fita salla. Sai Dakta ya zare jak ɗin Kawu, ya cusa katakai biyu a madadinsa, ya kunna wutar wai don kada aiki ya tsaya, ya tafi wurin baƙinsa. Da Kawu ya dawo, kwalba ta haukace, ga ɗalibai goma sha biyu a ɗaki. Ya kai hannu zai murza, ya ji katako. Sai ya kori yaran da tsawa, ya rungumi tukunyar mai da hannuwansa biyu ya janyo. Tururi ya kama. Wuta ta ci masa hannuwa, ta ci idanu.

Kafin masu bincike su zo, Dakta ya kwashe katakan. Ya mayar da jak, ya sauke shi har ƙasa, ya rubuta cewa tsufa ya sa Kawu ya manta bai ɗaga ba. Aka sallami tsohon da sunan sakaci. Wata uku ya yi a kwance ya rasu. Matarsa ta zo ofis sau ɗaya, ba ta zauna ba. Ta ce, "A kan ɗaga jak ɗin nan ya yi ta faɗa da ku shekara talatin, shi ne za ku ce ya manta? Allah ya isa."

To, wannan ɗakin Dakta ya buɗe.

Wari ne ya fara tarbarsa, mai kaifi, irin mai sa hawaye. Fitila ɗaya ce a kunne, tana ƙyafta ido. Famfo na ɗiga a kwano. Daga can ƙurya, inda kayansa suke, wani sauti na fitowa.

Ƙiiƙ. Shiru. Ƙiiƙ.

Ya san sautin. Kukan jak ne idan ana murza shi a hankali.

"Wane ne a nan?"

Ƙofa ta koma ta rufe a bayansa, ba da ƙarfi ba, kamar yadda mai ladabi ke rufewa.

Ya taka zuwa ƙurya. Da idonsa ya ga dunƙulen na juyawa dama, ba hannu a kai. Tukunyar mai na hawa. Ta haɗiye kwalbar har wuya. Haɗin da ya bari yana ɗan motsi, yanzu tafasa yake yana tsalle, kumfa na dukan gilashi.

Ya fizge waya daga bango. Murhun bai ko dusashe ba. Ja wur.

Ya durƙusa ya kai hannu zai murza hagu.

Katako.

Ya leƙa. Babu jak. Katakai biyu ne, ɗaya kan ɗaya, gefensu baƙi da ƙuna. Su ne ya kai bola da hannunsa wata shida da suka wuce.

Ya ruga ƙofa, ya ja, ya doka, ya kira mai gadi. Muryarsa ta tsaya a cikin ɗakin kamar wanda ke ihu a rijiya.

Sai aka yi magana daf da kunnensa, ƙasa-ƙasa. Numfashin mai maganar sanyi ƙalau.

"Sauke mana, Dakta."

Ya waiga, ba kowa.

"Kawu? Kawu, don girman Allah..."

Aka yi wata 'yar dariya daga cikin magudana. Muryar ba ta tsoho ba ce, ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

"Kawu ya yafe maka tun yana kwance. Halinsa ne. Ni maƙwabcinsa ne, ni ban yafe ba."

"Wane ne kai?"

"Kun same mu a nan kuka yi gini. Shekara talatin, shi kaɗai ke mana sallama. Bai taɓa ƙona mana ko ɗan yatsa ba. Sauke."

Kwalba ta yi ƙara. Tsaga ta fito a wuyanta, siririya kamar gashi. Tururi na tsiyaya, yana gangarowa wajen murhu.

"Ni ne!" Dakta ya faɗa yana kuka. "Ni na zare jak ɗin. Ni na sa katakai. Ni na yi masa ƙarya. Na faɗa, ka ji na faɗa!"

"Ni kake gaya wa? Ai ina wurin."

Tsagar ta ƙara tsawo.

Ya nemi safar hannu, babu. Ya nemi tsumma, babu. Teburin da kullum ke cike da tarkace an share shi tas.

"Shi ma bai samu ba," in ji muryar.

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ya san ta.

Ya rufe ido. Ya rungumi tukunyar.

Ya ja.

Mai ya kwaranyo masa a hannuwa. Ya ji ƙaurin fatarsa kafin ya ji zafin. Tukunya ta faɗi gefe, murhu ya mutu nan take, kwalba ta yi ajiyar zuciya ta lafa.

Fitila ta daidaita. Famfo ya daina ɗiga.

Ƙofa ta buɗe da kanta.

Mai gadi ya ce ko alwalarsa bai gama ba ya ga mutum ya fito da rarrafe a kan gwiwar hannu, yana kiran sunan Allah. Ya ce bai ji ihu ba, ko ɗaya. Da aka shiga ɗakin, aka tarar da jak a wurinsa, a ɗage yadda ya kamata, yana murzuwa hagu da dama ba gardama. Ba wanda ya ga katako.

Kwana uku bayan haka, a gadon asibiti, Dakta ya sa matarsa ta kawo takarda. Shi ba hannun rubutu. Yana faɗa tana rubutawa, tana rubutawa tana share hawaye, har ta kai inda ya mayar da jak ya sauke shi ƙasa. Nan ta ajiye biro ta dube shi.

"Baban yara, Kawun da a da yake aiko mana da gaisuwa duk mako?"

"Rubuta," ya ce.

Aka karanta takardar a gaban ma'aikata duka. Aka goge kalmar sakaci daga sunan Kawu, aka karɓe makullin ɗakin daga hannun Dakta. Hannuwan sun warke daga baya, amma yatsun suka ƙanƙance. Ko murfin kwalbar ruwa sai an buɗe masa.

Kafin a sallame shi, matar Kawu ta zo. Wannan karon ma ba ta zauna ba. Ya ɗaga mata hannuwan nan biyu naɗe da bandeji, ya ce, "Inna, kin ga an rama masa. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon hannuwan. Sannan ta ɗago ta dubi fuskarsa.

"An rama?" ta ce a hankali. "Nasa har da idanu."

Ta gyara mayafinta ta fita.

Tun daga ranar, da rana ta fara ja, Dakta kan shige ɗaki ya zauna nesa da duk wani abu mai zafi, ya rufe fuska da guntayen hannuwansa. Yana jira.