Ƙasar da Ta Ƙi Karɓar Gawa

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoto cewa an ga gawa a cikin wani rami, can tsakiyar makiyaya. Ko shayinsa bai shanye ba ya kira Saje, suka shiga motar ofis, wadda sai an tura take tashi.

Kafin su isa, 'yan sandan yankin sun riga sun yi abin da suka fi ƙwarewa a kai, wato kama mutum. Mai haƙa suka tsare, leburan da wata Malama mai binciken ƙasa ta ɗauka yana tona mata ramukan gwaji. Oga kuwa ya bugo waya tun suna hanya, ya ce makiyaya sun fusata, a kai mai haƙan kotu gobe kowa ya huta.

Wurin fili ne fetal, tsakuwa ko'ina, sai 'yan ƙayoyi da suka ƙi girma. Malamar na tsaye a bakin ramin, ta rufe hanci da mayafi. Ita ta gano gawar da ta dawo ɗibar samfur bayan hutun ƙarshen mako, ta tarar an cike mata rami har rabi.

Mamacin dattijo ne, makiyayi, da rauni a ƙeya. Sufeto ya tsuguna, gwiwarsa na ƙara, ya daɗe yana kallo. An kwantar da tsohon ta gefen dama, fuskarsa na duban alƙibla. An jera itatuwa a samansa, an shimfiɗa ganye, kafin aka zuba ƙasa. Har idanunsa an rufe masa.

Saje ya ce wannan mai kisan yana da ladabi. Sufeto bai yi dariya ba. Ya ga gawarwaki da yawa da aka jefar kamar shara, bai taɓa ganin maƙiyi ya ɓata lokaci yana kare fuskar wanda ya kashe daga ƙasa ba.

Ya tambayi Malama abin da take nema a irin wannan fako. Ta nuna masa bangon ramin. Daga sama ƙasa ce 'yar kaɗan, ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ita ma rabinta tsakuwa. Ƙasa da ita tsakuwar ta fi yawa. Daidai gwiwar mutum kuwa sai marmara, ta haɗe ta daskare kamar an zuba siminti. Ruwa ba ya ratsa ta, saiwa in ta zo nan sai ta lanƙwashe ta bi gefe. Shi ya sa ciyawa ke tsirowa da ruwan farko, rana ta ɗan buɗe ta ƙone.

"A wane aji kuka sa ta?"

"Ajin ƙarshe, ranka ya daɗe. Mara zurfi, ba noma. Kiwon ma sai da damina, da dabbobi kaɗan."

"Kin faɗa wa makiyayan?"

"Na tara su na faɗa. Na ce ba za ta ɗauki shanun da ke kanta ba." Ta dubi ramin. "Wannan tsohon ya ce ƙarya nake yi, a nan aka haife shi. Ɗansa dai ya biyo ni yana ta tambaya."

Ta ƙara da cewa ramin nan da ƙyar mai haƙa ya fasa shi, da diga da ƙarfen haƙa, har bakin diga ɗaya ya karye.

A ofishin yankin mai haƙa na zaune a bayan kanta, ƙato ne, da rauni a goshi. Ya rantse bai taɓa ko gaisawa da tsohon ba. Sufeto ya bar shi ya gama rantse-rantsensa, sannan ya tambaye shi wa ya fasa masa goshi. Nan ya sunkuyar da kai. Ashe wani maraƙin tsohon ne ya faɗa ramin gwaji ya karye, tsohon ya shauɗa masa sanda a gaban jama'a, shi kuma ya yi masa baƙar magana da kowa ya ji.

Saje ya ce shi ke nan, ga dalili, ga rami, ga ƙarya. Sufeto ya san ko alƙali hakan zai gani, kuma ba shi da abin da zai nuna sai yadda aka kwantar da gawa. Ya ce su koma dajin.

Suka bi sawu daga ramin zuwa rugar mamacin, rana na dukan ƙeyarsu. A kan tsakuwa sawu ba ya zama, Sufeto ya kusa haƙura. Bayan wata ƙaya ne Saje ya kusa faɗawa wani tono. Dogo ne, tsawon mutum a kwance, amma zurfinsa bai wuce gwiwa ba. A gindinsa marmara ce, duk an kakkarce ta, ba a ci ko ɗan yatsa ba. Gaba kaɗan ga wani irinsa, gaba kuma ga wani.

Sufeto ya tsaya a kan na ƙarshen. Wanda ya yi wannan aikin kabari ya so yi na gaske, ƙasa ta hana shi. Mutumin da ke da diga, wanda ya san abin da ke ƙarƙashi, ba zai yi ta gwada wuri bayan wuri yana fatan samun taushi ba.

Rugar bukkoki biyu ce da garken shanu waɗanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Matar mamacin, wadda kowa ke kira Inna, na zaune a tabarma tana jan carbi. Sufeto ya cire hula ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambayi dalilin da ba ta kai rahoton ɓatan maigidanta ba. Ta ce ta zaci ya tafi dubo ƙanwarsa. Takalman tafiyarsa kuwa ga su nan rataye a bakin bukka.

"Inna, kuna da fartanya a gidan nan?"

"Mu da ba ma noma?"

"Ko ƙarama, ta kafa dirka."

"Ta ɓata tuntuni."

Saje ya zagaya bayan bukka, ya dawo da ita daga ƙarƙashin buhunan dusa. Bakinta ya nannaɗe kamar kunnen tsohon kwano, jan garin marmara ya liƙe a jiki. Inna ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai. Ta ce mai haƙa ne ya kashe mata miji, kowa ya sani, a je a rataye shi. Muryarta ba ta da ƙarfin mai neman fansa, roƙo take yi, kuma Sufeto ya gane abin da take roƙo.

Ɗanta ya fito daga garke, dogon saurayi, shi kaɗai Allah ya bar mata. Ya gaida su hannuwansa na cikin aljihu. Ya ce ranar yana can wajen rijiya tun safe, bai ga Baffa ba sam.

Sufeto ya miƙa masa hannu. Saurayin ya fito da nasa. Tafin duk ya ɗuri ruwa ya fashe, jan nama a waje. Sandar kiwo ba ta yi wa mutum haka.

"Ramuka uku na gani," in ji Sufeto a hankali. "Ka sha wuya."

Saurayin ya zube a kan gwiwoyinsa. Inna ta ce ya yi shiru, ya yi shiru don Allah, amma maganar ta riga ta ɓalle. Ya ce tun da Malama ta yi bayani ya kasa sukuni, don abin da ta faɗa shi yake gani kullum, shanu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da la'asar ya kaɗa garken zai yi kudu da su ko Baffa ya yarda ko bai yarda ba. Tsohon ya tare shi a hanya, ya kama sandar, suka yi ta ja.

"Sakin sandar kawai na yi, ranka ya daɗe. Saki kawai. Ya tafi da baya, kansa ya sami dutsen."

Ya ce ya gudo ya faɗa wa Inna, ita ta ba shi fartanya. Ya haƙa nan, ya haƙa can, ko'ina dutse. Da hannunsa ya gaza, ya tuna da ramin Malama. Bai taɓa kawowa a ransa za a kama wani ba, da ya ji an kama mai haƙa kuwa tsoro ya rufe masa baki.

Sufeto ya yarda da kowace kalma, kuma yardarsa ba za ta yi wa yaron amfanin komai ba. Zai rubuta cewa ba da gangan ba ne, zai ja layi a ƙarƙashi, sauran na hannun alƙali. In ya rufe ido ya juya, gobe mai haƙa ne a gaban kotu. Ya laluba ta ko'ina bai ga hanya ta uku ba.

Ya buga waya ya ce a saki mai haƙa. Saje ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan nan, ya mayar da ita aljihu.

Suna nufar mota da saurayin, shanun suka taso. Ba wanda ya kira su, ganin mai su ya kama hanya ya isa. Suka biyo shi a jere suna jan ƙafa a kan tsakuwa, har sai da Saje ya tsaya yana kora su da hula. Inna ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki sandar ɗanta, ta riƙe ta a karkace irin riƙon wadda ba ta saba ba.

Sufeto ya zaci tsine masa za ta yi, da hakan ya fi masa sauƙi. Sai ta biyo su, ta matso jikin tagar motar.

"Ɗana," ta ce wa Sufeto, "rijiyar da nisa. Wa zai kai su ruwa gobe?"

Motar ta ƙi tashi, sai da Saje ya sauka ya tura, Inna na tsaye tana jiran amsa.